Laifin Wa Ne Idan Waya Ta Ƙi Buɗe Fayil?

Da wuya a sami sanarwar da ta kai gajarta da ban haushi a fuskar wayar salula kamar wadda ke shaida wa mutum cewa ba za a iya buɗe fayil ɗin da ya sauke ba. Ya kashe datarsa, ya yi zaman jira, abin ya sauka cif, sannan wayar da ya saya da kuɗin guminsa ta nuna ba ta san da zancen ba. Mafi yawan mutane sukan ɗora laifin a kan ƙanƙantar waya ko raunin sabis, wasu su ce bairos ne ya shiga. Ɗalibai kuwa, da yake sun saba da a ce su ne da laifi, sukan ɗauka su ne ba su iya ba. A shekarun da na yi ina koyar da darasin adana bayanai a jami'a, babu zangon karatun da ya wuce ba a kawo mini wannan kuka ba. Amsar da nake bayarwa ita ce, ruwa ba ya tsami banza. Akasari wayar lafiyarta ƙalau, mai ita ma bai yi kuskure ba. Wasu mutane ne a wata ƙasa suka zauna suka yanke shawarar cewa wayar ba za ta san wannan nau'in fayil ba, kuma suna da dalilansu. Wasu dalilan na yarda da su, wasu kuma ban yarda ba.

Kowane fayil, na hoto ne ko na sauti ko na littafi, jerin alƙaluman sifili da ɗaya ne kawai. Abin da ke mai da su hoto ko sauti shi ne yarjejeniyar da aka yi a kan yadda za a jera su da yadda za a karanta su, wato sigar fayil, wadda haruffan nan uku ko huɗu na ƙarshen sunansa suke nunawa, irin su JPG da PDF da MP3. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na boko da ajami. Wasiƙa ɗaya ce, Hausa ɗaya ce, amma wanda bai koyi ajami ba sai ya riƙe takardar yana kallo kamar zane. Haka waya take. Kowace siga tana buƙatar 'yar manhajar da ta san yadda ake warware ta, domin hoto da bidiyo sai an matse su matuƙa kafin su shiga waya, kuma kowace siga da irin nata salon matsewa.

Akwai wani bambanci da masu kallon finafinai a waya suka sha wahalarsa ba tare da sun san sunansa ba. Sigogi irin su MP4 da MKV tamkar buhu ne, abin da ke ciki daban. A cikin buhu ɗaya akwai hoton da aka matse da wata dabara, akwai sautin da aka matse da wata dabarar dabam. Waya tana iya kwance bakin buhun, ta gane hoton, ta kasa gane sautin. Shi ya sa mutum zai je wurin masu tura finafinai a kasuwa, a cika masa memori, ya dawo gida ya tarar jarumai suna ta motsa baki babu murya. Ba mai turawar ne ya cuce shi ba. Sau da yawa sautin an matse shi ne da fasahar kamfanin Dolby ko ta DTS, waɗanda ake biyan kuɗi kafin a sa su a cikin na'ura. Manhajar MX Player, wadda ta shahara a wayoyin mutanenmu, ta cire waɗannan sigogin sauti a shekarar 2014 saboda batun lasisi.

Maganar kuɗi ita ce ta fi nauyi a cikin lamarin. Dabarun matse sauti da bidiyo ƙirƙira ce ta injiniyoyi, kuma dokokin ƙasashe da dama suna ba wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa haƙƙin mallakarta na shekara 20. Sigar MP3, wadda kusan dukkan karatuttukan malamanmu da waƙoƙin mawaƙanmu suke yawo a cikinta, ta fito ne musamman daga cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus, kuma duk kamfanin da ya ƙera na'urar da ke kunna ta sai da ya biya, har zuwa watan Afrilun 2017 da aka rufe karɓar kuɗin lasisin. Biyan ma bai zama garkuwa ba. Kamfanin Microsoft ya biya Fraunhofer, amma a 2007 wata kotu a Amurka ta ci shi tarar dala biliyan 1.52 bayan da Alcatel-Lucent ya ce shi ma yana da haƙƙi a cikin MP3. Daga baya an soke hukuncin, sai dai duk wani lauyan kamfanin waya ya ɗauki darasi: kowace sigar da aka ƙara wa waya ƙofa ce da wani zai iya shigo da ƙara ta cikinta.

Lamarin ya ƙara dagulewa da zuwan HEVC a 2013, sabuwar dabarar matse bidiyo da ke rage nauyinsa da kusan rabi in aka kwatanta da wadda ta gabace ta. Da can masu haƙƙi sukan haɗu a ƙungiya guda, a biya su wuri ɗaya a huta. A kan HEVC sai suka rabu gida uku zuwa shekarar 2017, ga kuma wasu kamfanonin da suka ƙi shiga kowace ƙungiya, kowa yana jiran a zo a same shi. Mai ƙera waya bai san iyakar mutanen da zai biya ba, bai kuma san jimillar abin da za a caje shi ba. Leonardo Chiariglione, Ba'italiyen da ya kafa kwamitin MPEG mai tsara waɗannan sigogi, da kansa ya rubuta a farkon 2018 cewa tsarin kasuwancin da aka gina aikin a kansa ya lalace. Tun kafin nan, a 2015, manyan kamfanoni irin su Google da Amazon da Netflix da Microsoft suka haɗa gwiwa domin samar da sigar da babu biya a cikinta, wadda ta fito a 2018 da sunan AV1.

Mai karatu zai ce wannan rigimar manya ce, ina ruwan ɗalibi da ita? A 2017 kamfanin Apple ya mai da hotunan da iPhone ke ɗauka zuwa sigar HEIC, wadda aka gina a kan HEVC ɗin nan, domin ta fi JPG ƙarancin cin wuri. A watan Mayun 2020, lokacin kullen korona, ɗaliban sakandare a Amurka suka rubuta wata babbar jarrabawa daga gida, aka ce su ɗauki hoton amsoshinsu su ɗora a shafin hukumar. Da dama daga cikinsu shafin bai karɓi hotunansu ba saboda HEIC ne, har lokaci ya ƙare, aka ce sai sun sake zama. Wannan a ƙasar da aka ƙirƙiro wayar ke nan. Kuma Microsoft yana sayar wa masu kwamfutar Windows manhajar warware HEVC a kan senti 99, domin ya gwammace mai buƙata ya biya da ya biya wa kowa.

Memorin da muke sawa a waya ma bai tsira ba. Tsohon tsarin jera fayiloli a cikinsa, FAT32, ba ya ɗaukar fayil guda da ya haura gigabait 4. Wanda ya gaje shi, exFAT, shi ne aka ɗora wa katunan da suka wuce gigabait 32, kuma mallakar Microsoft ne tun 2006. Kamfanin da ya biya lasisi wayarsa ta karanta babban kati, wanda bai biya ba wayarsa ta ce katin ya lalace sai an goge shi. Allah kaɗai Ya san yawan hotunan biki da na 'yan uwan da suka rasu da aka goge saboda wannan sanarwa. Sai a watan Agustan 2019 Microsoft ya fito da bayanan tsarin fili, ya yarda a shigar da shi cikin Linux, wanda Android ke zaune a kansa.

Akwai kuma ƙarfin wayar kanta, amma wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Bidiyon zamani yana son wani sashe na musamman a ƙwaƙwalwar waya da aka ƙera domin warware shi. In babu shi, sai wayar ta yi aikin da ƙarfin tsiya, ta yi zafi, bidiyon ya dinga tsinkewa, caji ya zube. Ba a kuma ƙara wannan sashe bayan an gama ƙira. Ko Apple, da duk dukiyarsa, sai a 2023 ya fara sa na AV1 a iPhone 15 Pro, shekara biyar bayan fitowar sigar.

Dalilin da na fi girmamawa shi ne na tsaro. Manhajar da ke warware fayil aikinta shi ne ta karɓi saƙo daga baƙon da ba ta sani ba ta bi umarnin da ke ciki. Idan akwai ɗan kuskure a rubutunta, mugu zai iya tsara fayil ɗin da zai bi ta wannan kafa ya ƙwace wayar. A watan Yulin 2015 wani mai bincike, Joshua Drake na kamfanin Zimperium, ya bayyana irin wannan kafa a sashen Android mai kunna bidiyo, wanda ake kira Stagefright. An ƙiyasta wayoyi miliyan 950 abin ya shafa, kuma saƙon bidiyo guda ya isa, wani lokaci ma ba sai mai wayar ya taɓa shi ba. Bayan wannan ne Google da Samsung suka yi alƙawarin fitar da gyaran tsaro kowane wata.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 2021. Masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto ta Kanada suka gano yadda aka dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, a wayar wani ɗan fafutuka ɗan Saudiyya. An aika masa fayil mai sunan hoton GIF, alhali a ciki PDF ne, a cikin PDF ɗin kuma akwai wata tsohuwar siga mai suna JBIG2 da aka tsara domin takardun da aka ɗauka da na'urar sikana baƙi da fari. Kusan babu mai iPhone da ya taɓa jin sunanta, amma wayarsa ta iya karanta ta, kuma wannan iyawar ce ta zama ƙofar ɓarawo. Injiniyoyin Google da suka yi nazarin harin sun nuna cewa maharan sun yi amfani da umarnin wannan siga sun harhaɗa wata 'yar kwamfuta a cikin hoton. Matakin da Apple ya ɗauka a 2022 shi ne samar da wani yanayin kulle na musamman ga 'yan jarida da 'yan siyasa da makamantansu, wanda daga cikin aikinsa akwai ƙin buɗe yawancin nau'o'in fayilolin da ke zuwa a saƙo. Wato wayar da ta fi tsaro ita ce wadda ta fi ƙin buɗe abubuwa. Duk sanda na kawo wannan misali a aji, sai na ga masu ƙorafin farko sun yi shiru.

Sai dai kamfanoni sukan fake da tsaro ko da abin da ke ransu gasa ce. Google ya fito da sigar hoto ta WebP kyauta a 2010, amma sai a 2020 manhajar shiga intanet ta iPhone ta karɓe ta. Shekara goma ba binciken tsaro ba ne. Google ɗin ma ba wankakke ba ne: a farkon 2023 ya cire gwajin sabuwar sigar JPEG XL daga Chrome bisa hujjar cewa ba a nuna isasshiyar sha'awa ba, a daidai lokacin da yake tallata wata sigar da yake da hannu a cikinta, sai ga Apple ya karɓi JPEG XL a wannan shekarar. Ko shahararriyar wasiƙar da Steve Jobs ya fitar a watan Afrilun 2010 yana bayyana dalilin hana Flash shiga iPhone, bayan ya kawo tsaro da cin batir, ya fito fili ya ce ba ya son wani kamfani ya shiga tsakaninsa da masu rubuta manhajoji. Tarihi ya gaskata shi a kan raunin Flash, domin Adobe ya binne shi a ƙarshen 2020. Amma wanda ya hana abu saboda lafiyarka da kuma saboda aljihunsa a lokaci guda, kai ba ka da hanyar sanin wanne ya rinjaya.

Inda na fi samun saɓani da masu kare kamfanonin shi ne inda suke cewa ai babu matsala, duk abin da waya ba ta zo da shi ba akwai manhajarsa a rumbun manhajoji. Gaskiya ne akwai nagari. VLC, wadda ta samo asali daga aikin ɗalibai a wata makarantar injiniya ta Faris, tana buɗe kusan kowane bidiyo, kyauta, babu talla, kuma masu ita suna dogara ne da cewa dokar Faransa ba ta amince da irin wannan haƙƙin mallaka a kan manhaja ba. Amma mutum nawa ne suka san wacce ce tagari?

A bara wani ofishi ya saki jerin sunayen waɗanda suka sami tallafin karatu, ya kuma ƙunshe shi a sigar RAR. Wani ɗalibina ɗan aji uku ya same ni a bakin ofis, ya rusuna ya ce, "Malam, don Allah a taimaka a duba mini ko sunana ya fito, tun jiya nake fama." Da na karɓi wayar sai na tarar ya sauke manhajoji har uku domin buɗe wannan fayil guda. Ɗaya ta nemi izinin ganin lambobin mutanen da ke wayarsa da saƙonninsa, ya kuma ba ta. Wata tana watso tallan caca da na bashin gaggawa duk bayan daƙiƙa kaɗan. Da muka buɗe a kwamfutata, abin da ke ciki takardar PDF ce guda ɗaya mai shafi shida, wadda da an ɗora ta yadda take kowace waya za ta buɗe ta. Sunansa ya fito, amma lambobin iyayensa da abokansa sun riga sun tafi inda ba wanda zai dawo da su. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

RAR ɗin nan wani injiniya ɗan Rasha, Eugene Roshal, ya ƙirƙiro ta a 1993, kuma dabarar matsewarta mallakar masu ita ce. Ana ba da hanyar kwancewa kyauta, amma da sharaɗin kada a yi amfani da ita a kwaikwayi matsewar, sharaɗin da ya sa masu gina manhajoji da yawa suke kaffa-kaffa da ita. Windows kanta sai a 2023 ta fara buɗe RAR ba da taimakon wata manhaja ba. Kishiyarta ZIP kuwa, wadda Phil Katz ya fitar a 1989 ya kuma bayyana tsarinta ga kowa, yau yawancin wayoyi suna buɗe ta da kansu. Abin lura a labarin ɗalibin shi ne, da kamfani ya ƙi sa wata siga a wayarsa, haɗarin bai gushe ba. Ya tashi ne daga kan kamfanin da ke da lauyoyi da injiniyoyi, ya koma kan yaron da ke lissafin datar naira ɗari biyu.

Akwai wata asarar da ta fi wannan daɗewa, ita ce kuma ta fi damuna a matsayina na mai aikin adana bayanai. Sigar da waya ba ta buɗewa a hankali takan mutu, ta tafi da abin da ke cikinta. Kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu gurbi a kowace na'ura, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun ƙirƙiro zubin haruffa na musamman domin a iya buga ƙ da ɗ da ɓ, aikin da ya ceci ɗab'in Hausa a lokacinsa. Amma kundin digirin da aka buga da irin wannan zubi, in aka buɗe shi yau a wayar da ba ta da shi, sai wasu alamomi su fito a gurbin haruffan. A ma'ajiyar sashenmu akwai hirarrakin da ɗalibai suka ɗauka da tsofaffin malamai da makaɗa a ƙananan wayoyin shekarun baya, a sigogin AMR da 3GP, da yawa daga masu maganar sun riga mu gidan gaskiya. Yau ana iya buɗe su. Babu kamfanin da ya yi mana alƙawarin wayar shekara goma masu zuwa za ta buɗe su, kuma babu ɗayansu da zai yi asarar kwabo in ba ta buɗe ba.

Ba mu da kujera a ɗakunan da ake yanke waɗannan shawarwari, kuma ban ga alamar za a ba mu nan kusa ba. Amma abin da muke aikawa yana hannunmu. Akwai sigogin da tsarinsu a bayyane yake, kowa yana iya gina manhajar karanta su: PDF ta zama ma'aunin ƙasa da ƙasa a 2008, reshenta na adana takardu na dogon zamani, PDF/A, tun 2005 yake, ga JPG da PNG na hotuna, ga MP3 da ta fita daga ƙangin lasisi. A watan Yulin 2014 gwamnatin Birtaniya ta wajabta wa ma'aikatunta amfani da buɗaɗɗun sigogi a takardun da suke fitar wa jama'a, domin kada ɗan ƙasa ya sayi wata manhaja kafin ya karanta takardar gwamnatinsa. Ni a darussana na daɗe da kafa ƙa'ida: abin karantawa PDF, hoto JPG, sauti MP3, kuma duk wanda zai tura wa 'yan aji abu ya fara gwada shi a mafi ƙanƙantar wayar da ke ajin. Jami'o'inmu da hukumomin jarrabawa da na tallafin karatu suna iya yin haka ga duk sanarwar da suke fitarwa, su kuma sa shafukan rajistarsu su faɗi a sarari irin hoton da suke karɓa tun kafin ɗalibi ya fara cikewa. Wannan ba ya buƙatar kwangila ko kasafin kuɗi, takardar umarni ce guda daga ofishin magatakarda.